Fiton da Baba Ya Hana Ni

Ban taɓa son kare ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce yanzu ina so ba. A gidan mafarauci na tashi, kullum karnuka biyar ko shida kwance a ƙofar gida, amma tun ina yarinya in kare ya shafi zanena sai na wanke. Da na samu aiki a wata ma'aikata a Garki, na kama haya a Gwarinpa, abu na farko da na gode wa Allah a kai shi ne na rabu da warin kare. Ashe yana nan tafe, kuma a bayan motata.

Ciwon Baba ne ya kawo shi. Ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, in yana magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma. Likita ya ce in ana so ya sake takawa da ƙafarsa, sai an riƙa yi masa gashi da motsa jiki sau uku a mako, wata da watanni, kuma a ƙauyenmu babu mai yin wannan. A cikin 'ya'yansa ni ce ke kusa da asibiti. Na je ɗauko shi, ya ce ba inda za shi sai da karensa. Sauran duk ya rabar tun da ƙarfinsa ya fara ja baya, saura guda, wani ja mai yankakken kunne, wanda suka shekara takwas suna shiga daji tare. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira ƙannensa suka sa baki. Baba ya juya fuska bango. Haka na shimfiɗa buhu a kujerar baya, ina tsaki tun daga ƙauye har Zuba, mashigar birni.

Gidan da nake haya bene ne, ni a ƙasa, a baya akwai ɗan filin shanya da tankin ruwa. Nan na ɗaure karen, inda Baba zai riƙa hango shi ta tagar ɗakinsa.

Washegari da safe aka ɗauke wuta. Wanda ya san Gwarinpa ya san abin da ke biyo baya: wannan gida ya tayar da janareta, na kusa ya amsa, kafin ka ce me unguwa ta ɗauka. Karen nan da na taɓa gani da idona ya riƙe gyado a kunne ya ƙi saki, sai ga shi ya saki fitsari a tsaye, ya kutsa ƙarƙashin tanki yana kuka kamar ana yanka shi. Kuma ba janareta kaɗai ba. Jiniyar manya a babban titi, hon ɗin masu keke mai ƙafa uku, masu walda a bakin layi, baban bola yana jan ƙarafa a ƙasa, ko get aka buga da ƙarfi sai jikinsa ya hau rawa. Cikin mako guda ya daina cin abinci, haƙarƙarinsa suka fito.

Baba yana da wani fito da yake kiran karnukansa da shi, gajeru biyu, dogo ɗaya. Ko kare yana tsakiyar faɗa, in ya ji shi zai saki ya zo ya zauna a ƙafarsa. Ranar nan na shiga kai masa koko na tarar ya jingina da taga, ya tsuke karkataccen bakinsa yana hurawa. Iska ce kawai ke fita, sai yawu da ke bin haɓarsa. Na goge masa, na yi kamar ban ga idonsa ba. Da na gaya wa matar da ke yi masa gashi a asibiti, sai ta yi murna. Ta ce kada in hana shi, babu motsa bakin da ya fi wannan, kuma tsoho ba ya yin abin da aka sa shi sai wanda ya sa kansa. Daga nan kullum da safe, da an ɗauke wuta, kare na kuka a waje, Baba na hura iska a taga.

Matar da ke samanmu 'yar Filato ce, tana da jariri ɗan wata biyu. Ta yi haƙuri, in faɗi gaskiya. Amma ran nan ta sauko da goyonta, idanunta jawur, ta ce da irin Hausarsu, "Madam, wannan kare naka zai kashe ni. Yaro ba ya barci, ni ba na barci." Na buɗe baki zan yi mata rashin kunya, sai na ga ba ni da gaskiya ko ta sisin kwabo. Bayan kwana biyu mai kula da gidan ya zo, ya ce masu haya sun kai ƙara, zuwa ƙarshen wata ko kare ya yi shiru ko ya bar gidan.

Na gaya wa Baba a hankali, ina kwana-kwana, wai ko za a mayar da karen wurin ƙaninsa na ɗan lokaci. Bai bari na gama ba.

"In ya tafi, na tafi."

Duk karkacewar bakin, wannan kam ta fito ras. Na san Baba. In ya koma ƙauye, tabarma za a shimfiɗa masa a zaure, daga nan kuma ba zai sake tashi ba.

A ofis na yi ta ƙorafi har ogana ya ji. Mutum ne mai karnukan Turawa a gidansa, don haka na ɗauka ya san abin da yake faɗa. Ya ce shagwaɓa ce kawai irin ta karen ƙauye, in ɗaure shi a jikin janareta in kunna, wuni ɗaya zai saba. Maganar ta yi mini daɗi saboda gajera ce, ni kuma na gaji. Ranar Asabar da hantsi na ja labulen tagar Baba, na ce masa rana ta yi yawa. Na ja karen da sarƙa har gindin janareta, na ɗaure, na tayar da inji. Na shiga kicin na kunna rediyo don kada in ji.

Wajen awa uku na bar shi. Da na fita na kashe injin, na tarar ya ciji sarƙar har haƙorinsa guda ya karye, bakinsa duk jini, fatar wuyansa ta saluɓe. Bai ma yi kuka ba, kallona kawai yake yana haki. Sai Baba ya faɗo mini a rai, na ruga ɗakinsa. A ƙasa na same shi, tsakanin gado da ƙofa. Ya ji komai. Ya sauko ne zai je ya kwance karensa, ya ja jiki iya ƙarfinsa, bai kai ƙofar ba. Ya yi ta kirana, rediyo bai bari na ji ba.

Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina ta rufe ni. Ni da digirina, ni da ake kira a taro in ba da shawara.

Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba, bai kuma karɓi abinci daga hannuna ba. A rana ta uku bayan la'asar ya kira ni da sunan da yake kirana, Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya ɗauki kusan awa guda yana gaya mini abin da da can zai faɗa cikin minti biyar. Ya ce babu karen da aka haifa ba ya tsoron bindiga. In yana so kwikwiyo ya saba da ƙarar bindigar toka, ba a kansa ake harbawa ba. Sai an zuba masa abinci ya sa baki, sannan wani ya je can bayan gari ya harba, shi kuma ya yi masa fito. Gobe a matso taku goma, jibi goma. Ranar da kwikwiyon ya bar kaskon ya gudu, an yi gaggawa ke nan, sai a koma baya. Na tuna ina ganin ana haka a ƙofar gidanmu, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai ya ce, "Ki yi masa fito."

Dariya ta kuɓuce mini, ba ta daɗi ba. Ina 'yar shekara bakwai na koyi fiton nan a ɓoye, ran nan na tsaya a zaure na yi, karnukan gidan duka suka taso. Ina cikin murna Baba ya kai mini bayan hannu a baki, ya ce mace ba ta fito, kada ya sake ji. Leɓena ya kumbura, kuma daga ranar ban ƙara ba, shekara talatin da shida. Na tuna masa. Na so ya ji zafin da na ji. Ya kalli silin, ya ce, "Na sani."

To, haka na koma koyon fito da girmana. A mota nake yi, cikin cunkoson safe, gilashi a rufe, hijabi har ƙasa, baki a tsuke. Wani direban tasi ya taɓa leƙo ni ya girgiza kai, ya ɗauka na zare. Da yamma in yi a gaban Baba, yana buga mini lokacin da hannun hagu a jikin gado, gajeru biyu, dogo ɗaya. In na ja dogon bai kai ba sai ya yi tsaki. Tsakin kam bai shanye ba.

Ba ni da bayan gari, ba ni da mai harba bindiga, sai na ɗauki ƙarar unguwar a waya: janareta, jiniya, walda, bugun get. In na zuba wa karen tuwo da romo, sai in ajiye wayar can bakin katanga, murya ƙasa-ƙasa, in yi fito. Ran farko ko kallon kaskon bai yi ba, don ni ce wadda ta ɗaure shi. Sai da na yi kwana huɗu ina ajiyewa ina ja da baya kafin ya ci a gabana. Daga nan kullum in matso da wayar kaɗan, in ƙara murya kaɗan. Sau biyu na yi gaggawa, ya bar abincin ya shige ƙarƙashin tanki, na koma farko ina zagin kaina. Matar sama da ta ga abin da nake yi, sai ta fara leƙowa ta ce mini za ta kunna nata injin, in shirya. Har ƙasusuwa take tara mana. Ita ce ma ta roƙi mai kula da gida ya ƙara mana wata guda.

Duk wannan lokacin Baba bai fasa nasa ba. Wata safiya ina neman makullin mota na ji wani siririn sauti daga ɗakinsa, bai kai fito ba, amma ya wuce iska. Ta taga na ga karen ya ɗaga kunne. Baba ya juyo yana kallona, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Na ce madalla Baba, na fita da sauri don na makara. Ban zauna na yi tunanin abin da na ji ba.

A mako na bakwai, wata Lahadi da yamma, na fito da Baba filin baya na zaunar da shi a kujera ya sha iska. Na koma kicin ina wanke shinkafa. Sai ayarin wani babba ya biyo titi, jiniya kan jiniya, kamar ba za su ƙare ba. Na leƙo. Karen ya miƙe tsaye, ƙafafunsa na rawa, bai gudu ba, yana neman wanda zai kira shi. Na ga Baba ya gyara zama, ya tsuke baki, ya ja numfashi. Wallahi na gan shi. Amma bakina ya riga ya saba, kafin in yi tunani fiton ya fita, gajeru biyu, dogo ɗaya.

Karen ya zo a guje, ya wuce ta gaban kujerar Baba har jelarsa ta shafi ƙafarsa, ya zauna a gabana. Baba na nan da baki a tsuke. Can ya sake shi, ya ɗora hannun hagu a kan na dama, ya sunkuyar da kai.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Kwana biyu in ƙara ta tashi sai in lallaɓa bayan kujerarsa in yi fiton daga nan, don karen ya zo ƙafarsa. Yana zuwa, amma ni yake kallo ta saman kafaɗar Baba. A rana ta uku Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, daina ɓuya. Ya san bakin da ke kiransa."

Yanzu kusan shekara guda ke nan. Karen ya yi ƙiba, mai kula da gida har wasa yake masa. Baba bai koma ƙauye ba, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa filin baya, abin da na roƙi Allah ke nan kuma ya ba ni. Amma tun ranar Lahadin nan bai sake tsuke bakinsa ba. Matar asibiti ta tambaye ni me ya faru, ƙafa na ci gaba, baki ya tsaya inda yake. Ta ba shi balan-balan ya riƙa hurawa, ya ajiye a ƙarƙashin filo. Na ce mata tsufa ne.

Na daina fito. Da safe in an ɗauke wuta, nakan tsaya a ƙofar kicin in danne leɓena, ina jira, ko karen zai firgita ya nemi mai kiransa, ko Baba zai matso taga. Allah ya yafe mini, har fata nake ya ji tsoro, ko sau ɗaya. Janareta sukan tashi ɗaya bayan ɗaya, unguwa ta ɗauka. Karen ya ɗaga kai, ya yi hamma, ya koma barcinsa.