Takardar Mataccen Gawo

Shekarar da aka haifa mana ɗa na biyu na tabbata gidan mahaifinmu a Kusada ya yi mana kaɗan. Mu uku ne maza, kowa da iyalinsa, ga keken ɗinkina a zaure ɗaya da buhunan gyaɗar yayana. In mutum ya zo awon riga, sai ya hau kan buhu in auna shi. Lokacin Turawa suna nan, ko da yake an fara raɗe-raɗin za su tafi.

Kawuna ya yanka mani gefen gonarsa da ke bakin hanyar kasuwa, dagaci ya amince. Ni kuwa ban so irin ginin kowa ba. Na taɓa kai ɗinki gidan wani mai sayen gyaɗa a Kankiya, na ga zaurensa mai kusurwa huɗu da taga biyu suna kallon hanya, tun ranar abin ya zauna mani a rai. Na yanki ƙyallen akoko, na zana gidana da allin ɗinki: ga zaure, ga shigifa, ga ɗakin maiɗakina, ga wurin rumbu. Har tagar da zan ajiye keke kusa da ita na sa, don duk mai wucewa kasuwa ya gan ni ina taka shi.

Na kai wa magini. Tsoho ne, shi ya gina rabin unguwarmu, ba ya awo da komai sai tafin ƙafarsa. Ya karɓi ƙyallen ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Tela, wanga riga ce ko gida?"

"Gida ne, Baba."

"To ina ka sa gawon?"

Ban sa shi ba. A tsakiyar gaban filin, daidai inda na zana zaure, akwai wani ƙaton gawo wanda mutum biyu ba su iya rungume shi. Na ce ai wannan aikin gatari ne na yini guda. Magini ya naɗe ƙyallen ya miƙo mani, ya ce in fara zuwa Kankiya in gaida malamin daji, shi ba zai tsufa a gidan yari ba saboda tagata.

A wancan zamani En'e, wato hukumar sarki, ta hana sare wasu itatuwa, ko da a gonar ubanka suke. Ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, kuka, gawo, duk sai da takarda, takardar kuwa sai ta je Katsina Baturen daji ya sa hannu. Mai rai da wuya a ba ka. Wanda ya mutu a tsaye, shi ne ake yarda ka sare ba wahala. Wani maƙwabcinmu ya taɓa datse reshen ɗorawa don ya yi turken jaki, ya kwana uku yana sharar ƙofar gidan hakimi.

Ina cikin wannan damuwa na je aski. Wanzamin abokina ne tun muna yara, mutum ne da bai taɓa rasa shawara ba. Yana cikin jiƙa mani kai ya ce an kawo sabon malamin daji, ya gan shi ran kasuwa: farin takalmi, agogo a hannu, tabarau, yana tafiya yana kauce wa kashin shanu.

"Ɗan birni ne, wallahi. Wanga bai san gero da dawa ba sai a tuwo. Ka bari damina ta yi tsakiya, ka kawo shi ya ga gawon."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san halin gawo. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara kamar wanda ya shekara goma da bushewa. Sai ruwa ya ɗauke ya sake tohowa. Na ce wa wanzami anya? Ya ce in daina motsi kada ya yanke mani kunne.

Da aka yi noman biyu na ari keken yayana na tafi Kankiya. Na sami malamin dajin a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin hakimi, saurayi ne kamar sa'ana, mai sanyin magana. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, wani tsohon icce ne ya mutu mani a fili, ina tsoron ya faɗo wa mutane. Ya ce Allah sarki, zai zo ran Laraba.

Kafin Laraba ni da wanzami muka yi shiri. Muka tsinto busassun rassa daga bayan gari muka zuba a gindin gawon, wai su ne suke karyewa suna faɗowa. Wanzami ya ce shi zai zama shaida.

Malamin daji ya zo da hantsi a kan kekensa, ya jingine shi, ya ciro ɗan littafi. Masu noma a gonakin kusa duk suka ɗago, kowa ya dafa haiwarsa yana kallo. Kawuna ma yana nan, ya juya mana baya yana ta nome wuri ɗaya, kafaɗunsa suna rawa. Malamin ya zagaya iccen sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da alƙalami, ya ɗaga kai ya dubi rassan, ba ganye ko ɗaya.

"Yaushe ya rasu?"

Wanzami ya yi caraf ya ce, "Ai ya daɗe yana jinya, ranka ya daɗe. Bana dai aka rasa shi."

Malamin ya duƙa ya ɗauki reshe ɗaya cikin waɗanda muka zuba, ya jujjuya shi. Na aduwa ne. Amma sai ya ajiye shi a hankali. Ya dubi geron kawuna da ke gindin iccen, wanda ya fi na ko'ina tsawo da duhu, ya ce, "Gero dai ya yi kyau a gindin mamacin." Na ce albarkarsa ce, ranka ya daɗe. Na ɗaga hannu zan rantse, sai ya riƙe mani hannun.

"Kada ka rantse, Tela. Abin da ka faɗa shi zan rubuta."

Ya rubuta, ya hau kekensa ya tafi. Ni da wanzami muka yi ta dariya har da tafawa. Ran nan kyauta na ɗinka wa wanzami hula.

Aka shiga jiran takarda. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Aka yanke gero, aka fara cirar gyaɗa. Na sa aka fara kwaɓa ƙasa ana yin tubali, na yi cinikin azara da wani mutumin Kaikai. Wata safiya na je duba tubali, na ɗaga kai, sai na ga wani kore-kore a kan rassan gawon kamar an yayyafa mashi garin kuka. Na koma gida ko koko ban iya sha ba.

Sau uku ina zuwa Kankiya cikin watan nan. Kullum malamin daji ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni ruwa, ya ce takarda tana Katsina, Bature ya fita rangadi. Kullum in na dawo, sai in tarar gawon ya ƙara cika da ganye.

Na koma wa wanzami. Ya ce abu mai sauƙi, a kaɗe ganyen. Na sami doguwar gora na yi ta duka tun safe, ganyen gawo kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, in ka kaɗe tafi ɗaya saura dubu. Abin da na samu kawai shi ne awakin unguwa suka gane ni. Duk inda na bi sai su biyo ni a jere, har ƙofar masallaci. Da gora ta kasa sai na hau da kaina. Ban kai reshe na biyu ba ƙaya ta kama wandona ta baya, na yi gaba ta ƙi, na yi baya ta ƙi, daga ƙarshe muka rabu, ita ta riƙe rabi ni na sauko da rabi. Haka na ratsa unguwa, tela guda, na naɗe rigata a ƙugu.

Maiɗakina ta sa ni na kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki, ta ɗauki allurata ta ɗinki tana cire mani ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai da ta gama ta ce, "Malam, ni fa ko ɗaki mai kusurwa uku ne ina so, in dai nawa ne."

Takarda ta iso bayan an gama kaka sarai, sanyi ya shigo. Malamin daji da kansa ya kawo ta. Na kira mai gatari, magini ya zo, wanzami ya zo, kawuna ya zo, har da waɗanda ba a kira ba. Muka tsaya a inuwar gawon, inuwa mai kauri wadda ko ɗigon rana ba ya ratsa ta. Malamin ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: an yarda wa tela na Kusada ya sare mataccen gawo guda ɗaya, cikin wata uku daga ranar da aka sa hannu. Ya ninke ta, ya miƙo mani da hannu biyu. Sannan ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"To, ina mataccen?"

Wata tunkiya tana taunar 'ya'yan gawo kusa da ƙafarsa, ita kaɗai ake jin motsinta. Na waiwaya neman wanzami, ashe ya tuna yana da aski a wata unguwa.

Na yi ƙarfin hali na ce, ranka ya daɗe, in an jira damina zai koma yadda ka gan shi. Ya ce haka ne, amma takarda wata uku ce, damina kuwa saura wata shida. In na so in sake nema da damina, zai rubuta mani da murna, ta je Katsina ta dawo kamar yanzu.

Nan kawuna ya kasa daurewa, ya zauna a kan tubalina yana dariya har da hawaye. Malamin ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Tela, ni mutumin Kafinsoli ne. Gawo bakwai ne a gonarmu. Takalman nan a makaranta aka ba ni."

Na ce to me ya sa bai faɗa mani tun ran farko ba? Ya ce da ya faɗa a gaban mutane, dole ya kai ni gaban hakimi don na yi wa En'e ƙarya. Ya ga gara iccen ya ba ni amsa da kansa.

Magini kuwa yana gefe yana duban filin. Da mutane suka watse, ya tuɓe takalmansa, ya fara ja da babban yatsan ƙafa a ƙasa. Ya matsar da zaure gefen kudu, ya bar gawon a waje gaban ƙofa, ya lanƙwasa katanga ta kauce wa saiwoyi. Na ciro ƙyallena zan yi magana, ya ce, "Mayar da shi aljihu, ɗana. In ka ga na zo zaurenka ina koya maka wuyan riga, to ka koya mani gini."

Kafin zafi ya yi tsanani aka gama gidan, aka shafe shi da makuba. Taga ɗaya na samu maimakon biyu, ita ma rumbun maƙwabci take kallo, don haka a gindin gawon nake fito da keke da rani. Shekaru da yawa, duk damina in ganye ya zube, sai an sami mai tsayawa ya yi mani gaisuwar rashi da fuska a murtuke.

Lanƙwasar katangar nan ta shafi ɗakin maiɗakina, ya fito da kusurwa biyar. Ranar da muka tare, aka shigo da gadonta, aka gwada shi jikin kowane bango ya ƙi zama, sai da aka bar shi a karkace. Ina tsaye bakin ƙofa kunya ta ishe ni, ina shirin ba ta haƙuri. Ita kuwa ta riga ta gano wani lungu siriri da ya rage bayan gadon, ta jera kwanukanta da tasoshinta a ciki tun daga ƙasa har kusa da azara, suka shige daidai kamar an auna. Ta ja da baya ta dube su, ta aika a kira mata matan yayyena su zo su gani. Ni kuma ta ce in matsa daga ƙofa, ina tare mata haske.