Tafiyar Baffa

Kabo na Gafasa manomin gyaɗa ne, amma ba da noma aka san shi ba. Ranar kasuwar Gaya yakan tsaya gefen 'yan koli ya yi ta kwaikwayon mutane, bai ce uffan ba. Jama'a na dariya, kowa na zargin ko shi ake nufi. Shi kansa gogan bai yarda da kowa ba. Ya kame bakinsa ne don ya san alƙali ba ya ɗaure mutum a kan ɗaga gira.

Bayan yaƙin basasa masu majigi suka zo neman wanda zai fito a tsoho mai gardamar takin zamani. Kabo ya zagaya akwatin ɗaukar hoton, ya tambaya ko yana kama murya. Aka ce a'a. Ina za a nuna? Aka ce can ƙasar Sakkwato. Sai da suka rantse sannan ya yi musu tafiyar da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ta surukinsa Malam Datti, mai jan ƙafar hagu, hannu a ƙugu.

Da kaka sai ga motar majigi a Gafasa. Hoton Kabo na fitowa, tun mai lasifika bai buɗe baki ba wata tsohuwa ta ce, "Lah, Datti ne!" Fili ya ɗauki dariya, ga Malam Datti zaune a gaba. Kabo ya ji kunyar da bai taɓa ji ba.

Ya zuba ido a zo a tafi da matarsa Barira, 'yar Malam Datti, shiru. Tsohon bai ce komai ba, nonon da ya saba ba su ma bai fasa aikowa ba. Wannan shirun ya fi zagi tayar wa Kabo da hankali, har ba ya shan nonon sai kyanwa ta fara lasa. Wasan kasuwa ya daina. Haka suka yi shekaru suna gaisawa sama-sama, har tsohon ya rasu.

Bayan sadakar arba'in Barira ta same shi a tsakar gida.

"Malam, yi mini tafiyar Baffa."

Ya ƙura mata ido, yana neman inda tarkon yake.

"Don Allah. Na fara manta yadda yake shigowa gida."

Kabo ya daɗe a soro, sannan ya kama ƙugu ya shigo yana jan ƙafa. Barira ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa," sai kuka ya ƙwace mata.