Takalmi a Kan Darduma

Maƙwabcinmu Baba Mai Wankin Kafet ya shekara talatin a durƙushe da burushi da kumfa, har gwiwoyinsa sun yi kanta. Dokarsa ɗaya ce a duniya: ba a taka shimfiɗa da takalmi. Har surukinsa ya taɓa kora daga falo a kan haka.

Kwatsam matarsa ta sa wani wasa a waya, inda ɗan mutum yake ɗarewa kan darduma mai tashi sama, ta tsallakar da shi ramin wuta. Baba ya ce harkar darduma ai tasa ce, a ba shi. Da ya kai bakin ramin sai ya tsaya cak.

"Ina wajen cire masa takalmi?"

"Babu, Malam. Hau kawai!"

"Da wannan ƙazamin takalmin? Allah ya kiyaye!"

Kwana uku darduma tana zuwa tana wucewa, matar tana yi masa dariya. Ran na huɗu ya runtse ido ya haye.

Da yamma ta ratso falo da silifas, tana taku ɗai-ɗai. Baba ya buɗe baki.

"A'a, Malam," in ji ta, "ai da idona na gan ka."