Gyaɗar da Za Ta Kai Yara Damagaram

Makullin mangazar lakwal ɗinmu, wato ɗakin ajiyar makarantar ƙauyenmu, a hannuna yake. Ba don na fi kowa karatu ba, firamare kawai na gama. Iyayen yara sun ce ni ne mutumin da zai kulle ƙofa ya tafi, ya dawo daga rabin hanya ya sake taɓa kwaɗon. Da dariya suka faɗa, amma gaskiya ne.

Ƙauyenmu yana kusa da Waca, a bakin fadama. Da damina gero da gyaɗa, da rani kuma lambu: rake, rogo, albasa. Aji ɗaya ne na siminti a lakwal ɗin, sauran na zana ne, sai an yanke gero an samu kara ake tayar da su.

Wata shekara, kafin ruwa ya sauka, mushe, wato malamin da ke koyar da manyan yara, ya tara mu. Saurayi ne ɗan Dungas, mai zumuɗi. Ya ce yana son ya kai yaransa Damagaram kafin su fita daga hannunsa. Yana koya musu filin jirgi da gidan rediyo da fitilar da ke ba motoci hannu, su kuwa suna kallonsa kamar mai tatsuniya.

"Yaran birni kowace shekara ana fita da su," in ji shi. "Namu da yawa ba su taɓa wuce kasuwar Waca ba."

Kuɗi babu, kowa ya sani. Maigari ya ba da wata tsohuwar gona, muka yi gayya muka shuka gyaɗa, Allah ya ba da albarka. Muka yi shawara a ajiye ta har bazara, in ta yi tsada a sayar, a ɗauki shatar mota. Buhunan suka shiga mangaza, ni kuma barci ya rage mini. Na ɗora su kan itace saboda gara. Na toshe ramukan ɓera da fasassun kwalabe. In na wuce sai na buɗe na shinshina, ko ta fara warin danshi.

'Yata tana cikin ajin. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka uwata nake ce mata. Ba ta da yawan magana, amma tun da gyaɗar ta shiga mangaza ta dame ni da tambaya. In muna ban ruwa sai ta ce, "Baba, jirgin a ƙasa yake kwana?" Ko kuma, "Baba, duwatsun Damagaram sun kai kukar bayan gari?" Ni ma zuwana garin bai taka kara ya karya ba, kullum daga tasha zuwa kasuwa ne. Abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ce ta bari ta gani da idonta.

Da sanyi ya shigo, rake ya nuna, diraktanmu, shugaban lakwal, ya kira mu ya ce an yi masa waya daga wata lakwal ta kuɗi a Magarya. Suna son su kawo yaransu su ga yadda ake noman rake. Lambuna ya fi kusa da hanya, shi aka zaɓa.

Aka yi taro a gindin tsamiya. Ana ta murna, wai har birni an san da mu. Ni kuwa tunanina ya tafi kan rijiyar lambu da ba ta da murfi, da kunama, da kaifin ganyen rake. Can sai na ji bakina ya ce, "To, me za su ci?"

Kowa ya juyo ya dube ni.

Mushe ya ce, "Baba, kada ku wahalar da kanku. Irin waɗannan da guzurinsu suke yawo."

Wata dattijuwa, shugabar matan kwamitin iyaye, ta tafa hannu. "Kai mushe, a Dungas haka kuke yi? Baƙo ya shigo garinku ya kwance ƙunshinsa ya ci, kuna tsaye kuna kallo?"

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Su koma Magarya su ce sun je garin da ko fura ba a dama?"

Aka yi dariya, mushe ya sunkuyar da kai. Wani ya ce 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa ba a ba su tuwon gero, sai shinkafa. Wani ya ce shinkafa ba nama abin kunya ne. Idanu suka fara juyowa wajena, wajen aljihun da makullin yake.

Na ce gyaɗar ta yara ce, an yi musu alkawari, kuma yanzu ba ta da daraja a kasuwa. Na faɗa, amma ba da ƙarfi ba, domin ni ma hoton yaron mutane yana kukan yunwa a lambuna ya riga ya zauna mini a kai. Maigari ya ce, "Malam, mutanen nan suna da kar, babbar mota, tasu ta kansu. In suka ci abincinmu suka ji daɗi, kana jin sai mun roƙa? Da kansu za su ce yaranku fa, ina za a kai su?" Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma maganar ta shige ni. Babu wanda ya ce a kira su a tambaye su ko suna son abincin. Ba a tambayar baƙo ko zai ci.

Ranar kasuwa na buɗe mangaza, aka loda fiye da rabin buhunan a amalanke. Muka sayar a farashin kaka. Muka sayo shinkafa da mai da tumatirin gwangwani da akuya. Na rufe rijiya da tsohuwar ƙofa, na share hanyoyin lambu, na ɗaga kowane dutse ina neman kunama.

Suka iso da hantsi. Kar fara, doguwa, da rubutu a jiki. Yaran suka sauko cikin kaya iri ɗaya, kowa da jaka a baya da kwalbar ruwa a hannu. Namu suna jere a gefen hanya, an wanke su an shafa musu mai. Yaran nan na birni masu ladabi ne, sun durƙusa sun gaida maigari. Mushe ya sa 'yata ta yi musu bayani da Faransanci, yadda ake yanka rake gaɓa-gaɓa a kwantar a ƙasa, da yadda ake ba shi ruwa. Ban gane duka ba, amma na ga madam, malamar baƙin, tana gyaɗa kai. Ni ina bakin rijiya, ban matsa ba.

Da azahar mata suka jero da tukwane a kai. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro. Ƙanshi ya cika lambu.

Madam ta dubi tukwanen, ta dubi diraktansu, fuskarta ta canza. Ta zo wajen dattijuwar nan ta rusuna.

"Inna, wannan duk saboda mu? Wayyo. Ku yi mana haƙuri don Allah. Iyayensu sun ɗauki alkawarinmu, ba za su ci komai a waje ba sai abin da aka saka musu a jaka. In cikin wani ya ɓaci, mu za a kama."

"'Yata, shinkafa ce fa. Da hannunmu muka wanke."

"Na sani, Inna. Wallahi na sani."

Ba da raini ta faɗa ba, har idonta ya kawo ruwa. Kuma ni, a duk wurin, ni ne na fi gane ta. Da ni aka ba yaran, abin da zan yi ke nan.

Yaran suka zauna suka ciro burodi da sardin da gato, irin biskit ɗin nan. Malamansu da direba suka ɗiba a faranti suka ci, suna ta sa albarka. Sauran kuwa namu ne suka ci, yara da manya, har aka kai wa tsofaffin da ba su iya fitowa ba. Na ga yaran ajin ƙarshe suna lasar hannu suna dariya. Ba su san abin da suke ci ba. Ni ko loma ban iya kaiwa ba.

Wata yarinya cikin baƙin ta miƙa wa 'yata gato. Ina kusa, na ji ta ce, "Bara Damagaram aka kai mu. Ku ina kuka je?"

"Mu ma can za mu, da bazara," in ji 'yata.

"Ki ce a kai ku filin jirgi. In mun dawo baɗi ki ba ni labari."

Da za su tafi muka loda musu rake. Na raka diraktansu har bakin kar, maigari yana gefe yana mini ido. Mutumin ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Ya ba da kwalin alli da ƙwallo. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan mota taku ce?"

"Ina fa, Malam! Haya ce. Iyaye ke biya tun farkon shekara. Kuɗin man esansi kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Me zan ƙara? Mutum ya ci abincinka yanzun nan, ka tare shi a bakin mota da roƙo?

Bazara ta zo, gyaɗa ta yi tsada kamar yadda muka zata. Abin da ya rage a mangaza ba zai kai ko rabin ajin ba. Wasu suka ce a zaɓi masu ƙoƙari. Mushe ya ce shi ba zai tsaya gaban aji ya ce kai tafi, kai zauna ba. Na ji daɗin maganarsa, ko da yake na san da an zaɓa, 'yata tana ciki. Aka yi ta taro har ruwa ya kusa sauka. A ƙarshe aka ce a ajiye kuɗin a gyara rufin ajin siminti, da ma yana yoyo.

Mushe ya ce zai gaya wa yaran da safe. Na ce a bar ni in fara gaya wa tawa. Na same ta a lambu da la'asar tana cire ciyawa. Na daɗe ina kewaya maganar, ina batun tsadar esansi da lalacewar hanya. Ta bar ni har na gama.

"Na sani, Baba. Tun ranar da na ga amalanke a ƙofar mangaza."

Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baɗi ina kwalej, ba za su same ni ba. In yarinyar nan ta tambaye ka, ka ce mata mun je."

"Uwata, kin san ba zan iya faɗin abin da ba a yi ba."

"To me za ka ce mata?"

Na tsaya ina kallon ciyawar da ke hannunta. Na ce, "In na ga motarsu, zan shige cikin rake har su tafi."

Ba ta yi dariya ba. Ta kakkaɓe ƙasar hannunta, ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya, ni kuma na bi bayanta ina ce mata ta kula da bakin, yana da santsi.