Mashigi na Shida

Jiya wata ɗalibata ta shigo aji da gasasshen bado ƙulle a gefen hijabinta. Ƙamshin na bugun hancina sai ga ni a bakin tafkin ƙauyenmu, can ƙasar Gummi, ina 'yar shekara tara, ciki fal da haushi.

Ka san bado ai, furen nan mai shimfiɗa ganye a kan ruwa. Bayan girbi, in ruwa ya fara ja, kakarmu takan tasa mu gaba, ni da 'yar goggona, mu shiga tsinkar 'ya'yansa, ruwa iya ƙugu, taɓo na tsotsar ƙafa. Tafkin yana da mashigai bakwai, kowanne da labarinsa: wanda ya fara sauka a wurin, abin da ya koro shi, da zuri'ar da ya bari. Kakarmu kaɗai ta riƙe su a jere, kuma ba ta faɗinsu a gida, sai an taka mashigin take buɗe baki. Abin da ya ƙona min rai, ba ni take faɗa wa ba. 'Yar goggona take kama wa hannu, ta faɗa, ta sa ta maimaita.

Ni fa na fi ta kai, kowa ya sani. Ni ke zuwa ta ɗaya a makaranta, ita ko ƙirga ƙwarya goma sai ta haɗa da yatsu. Ran nan haƙurina ya ƙare na ce, "Kaka, ni hwa?"

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ke ɗiyab boko, gobe kin tahi birni. Wagga ita ka zama nan."

Daga ranar na ɗauki gaba. Da ta fara labari sai in ja nesa ina rera waƙar makaranta da ƙarfi, wai don su san ban damu ba. Na damu mana, kunnena ɗaya yana wurinsu. Da satar ji na tsinci biyar na farko da na bakwai. Ranar na shida kuwa fushi ya ci ni, na zauna a gida na ce kaina ke ciwo.

Allah da ikonsa, lissafin Kaka bai fita ba. 'Yar goggona ta bi mijinta Bagega wajen haƙar zinari, ni aka bari a ƙauye ina koyarwa a firamare. Tafkin ma ya ja baya, mashigai uku sun zama gonakin albasa, yaran da ke ratsa su ba su san an taɓa iyo a wurin ba. Shi ya sa bana hedimasta ya ce in riƙa koya musu tarihin garin duk Alhamis. Mako biyar ina zuba labari, ina jin kaina. Sai na shida ya iso.

Tsofaffin da zan tambaya duk sun kwanta dama. Da na tsallake shi, ko na ƙaga wani, ba mai ganewa, kuma shi ke nan ya ɓata. Kwana biyu ina juya waya a hannu kafin na kira 'yar goggona, a gaban aji.

Ta kwashe da dariya. "Malama guda, yau ni kika tambaya? To buɗe kunnuwanki, ban son waƙa."

Na ɗora wayar a kan tebur. Ta fara labarin makiyayan da suka sauka a mashigin shekarar wata yunwa, suka ba mutanen gari nono, aka koya musu cin bado. Inda Kaka ke tsayawa ta ja numfashi, nan ita ma take tsayawa. Aji ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu ba ko da bulala. Tsohon kishin nan ya taso min, ni da furfura ta fara fito wa.

Da ta gama, wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malama, na bakwai ma ita za ta hwaɗa muna?"

Na bakwai na san shi sarai. Amma na ce mata i, na juya ina goge allo don kada su ga fuskata.