Na Ɓoye Bencin Mai Shayi

Yau da safe a tashar Bagudo na ɓoye bencin mai shayi guda, na bar guda.

Ƙanwata ce ta jawo haka. Ni allo kaɗai na yi, ita ke karanta mani littattafan boko. Ta karanta wani labari na ƙasar da aka soke dokar raba baƙaƙen fata da farare, amma wasu tsofaffi biyu suka kasa zama wuri ɗaya.

Sai na tuna Baba Manu manomi da Baffa Jaɓɓi mai shanu, aminan da. Tun da shanun Baffa suka shiga gonar Baba, hakimi ya sasanta su, amma ko gaisuwa babu, kowa da bencinsa a wurin mai shayi.

Da suka zo yau, dole suka zauna a benci ɗaya, kowa can ƙarshe. Baba ya miƙe zai tafi, benci ya ɗaga, Baffa ya yi baya. Caraf Baba ya cafe shi.

"Kai Bafillace, so kake ka karye a ce ramuwa na yi?"

"To zauna, Kaɗo, ka danne mani wancan gefen."

Har burodi suka raba.

Ku fa, su wa za a ɓoye wa benci a unguwarku?