Ɓarar Gyaɗa a Asibiti

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu, ni da babana da kakata. Wata huɗu ke nan da hannunta na dama ya shanye, likita kuma ya tura mu Kano wajen masu koya wa hannu aiki. Ni aka ɗauka domin ni nake ba ta abinci a baki. Tun da ciwon ya same ta ko buta ba ma barinta ta ɗaga. A gidanmu abin kunya ne tsohuwa ta wahala jikoki na kallo.

Motar da muka shiga a Minjibir ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Dama da hagu gero ya fid da kai. Wata mata ta miƙo wa Kaka ƙosai, Kaka ta ce ta ƙoshi, ta ƙara tura hannun ƙarƙashin mayafi. Na san ba ta karya ba.

A asibiti na zaci allurai da na'urori zan gani. Sai ga tabarma, da buta, da ludayi, da kwanon gyaɗa! Wata ma'aikaciya ta durƙusa ta gaida Kaka.

"Hajiya, me kika fi so ki yi da kanki?"

"Alwala, 'yar nan. Sai cin tuwona. Sun mai da ni jaririya."

Ba ta taɓa gaya mana ba.

Aka tura mata kwanon. Babana ya kasa haƙuri.

"Malama, ɓarar gyaɗa muka zo yi Kano? Buhu guda muka baro a gida."

"To Alhaji, ko ƙwaya ɗaya kun ba ta ta ɓare? In kuka ci gaba da yi mata komai, yatsun nan ƙagewa za su yi."

Kaka ta yi ta fama da guda ɗaya, gumi na tsattsafo mata. Na miƙa hannu, ma'aikaciyar ta girgiza mini kai. Can sai ƙas! Ɓawon ya fashe.

Bayan la'asar muka iso gida. Na naɗa tsumma a mariƙin ludayi don ya yi kauri, yadda aka nuna mini, na ajiye wa Kaka kunu. Rabinsa a zaninta ya ƙare. Innata ta taso da gudu, ni da ba na iya ɗaga murya na ce, "Inna, ƙyale ta."

Ashe wata huɗu muna ɗaure mata hannu, muna cewa ladabi muke yi. Ta lashe ludayin, ta ce a ƙaro.